Ƙullin ƙasa daga Mirriya zuwa Damagaram

Da hantsi na bar Mirriya, riƙe da ƙullin ƙasa a leda, wadda na ɗebo a gindin tulin takin lambuna. Tumatir ɗina ne ke yaushi, saiwarsa duk ƙululai, ɗan yayata mai karatun ilimin halittu kuwa ya ce in kawo ƙasar ya duba. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Hazo ya lulluɓe duwatsun Damagaram, daga tasha kabu-kabu ya ratsa da ni ta Zango har wurinsu.

Ya jiƙa ƙasar, ya tace, ya ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

"Kawu, leƙa nan. Kar ka dubi jelar, dubi maƙogwaron."

Wata tsutsa na gani, siririya, garau kamar ruwa, ana hango cikinta. Can bayan bakinta wani ɗan dunƙule yana bugawa ɓal-ɓal-ɓal, har na ɗauka zuciya ce. Ya ce a'a, ci take yi. In tsokar maƙogwaron ta tsuke, ramin ciki sai ya buɗe, ruwa ya shigo da ƙwayoyin bakteriya. In ta saki, ruwan ya fita, abincin ya maƙale, kamar mai rege tsaba. Daga nan wani siririn wuya ke tura shi baya zuwa dunƙulen, inda maniƙa ke farfasa shi kafin ya wuce hanji.

Ya ba ni labarin 'yar'uwarta, C. elegans, wadda masana suka fi nazari, har binciken da Sydney Brenner ya yi a kanta a Ingila ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. Tsawonta milimita 1 ne kacal. Maƙogwaronta ƙwayoyin tsoka 20 ne da ƙwayoyin jijiya 20, in abinci ya wadata kuma yakan buga fiye da sau 200 a minti ɗaya. Na yi ta tasbihi, idona bai bar madubin ba sai da ya yi ƙwalla.

"To ita ke kashe mini tumatir?"

"A'a, Kawu. Mai ɓarnar tana da tsinke a baki da take huda saiwa. Wannan ba ta da shi, taki take taya ka ruɓarwa. Kawo mini saiwar da kanta ran Alhamis."

Bayan la'asar na biya kasuwar Dole na sayi leda sabuwa ta zuba saiwa, na kama motar gida da ragowar ƙasar a cinyata.