Godiya ga mutanen cocin da suka sauke mu a Gadarif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, iyalina sun koma garinmu Wad Madani a Sudan, har da Inna da muka fitar a bayan akori-kura lokacin da 'yan Da'amu Sari'i, dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shigo gari a Disambar 2023. Mun tarar an yashe gidan, ko ƙyauren banɗaki ba a bari ba, amma kowa na da ransa.

Godiyata ta farko ga wani ƙaramin cocin Injiliyya a Gadarif, garin da muka gudu muka je. Mun isa makarantu sun cika maƙil, kuɗin haya kuwa ba a magana. Faston, mutumin duwatsun Nuba, ya buɗe mana ajin da yara ke karatun ranar Lahadi. Da ya ga Inna na waige-waige tana neman alƙibla, da kansa ya ɗauko gawayi ya zana mata kibiya a bango. Da azumi ya kama, matan cocin suka mayar da girkin takiya, wato abincin sadaka na jama'a, zuwa yamma saboda mu: adas, balila, ranar da aka samu gari a tuƙa asida. Ba wanda ya taɓa jan ɗana gefe ya miƙa masa littafi.

Na faɗi wannan ne don wasu sun yi ta kirana a waya: "Malam, ka yi hattara, kuɗin Amurka ne, yaranka suke so." Zancen ba baƙo ba ne a wurina. Kiristocin bishara na Amurka sun daɗe da hannu a siyasar ƙasar nan. Suna cikin waɗanda suka matsa aka yi dokar zaman lafiyar Sudan a 2002, zamanin Bush, kuma sun cika duniya da kuka a 2014 da kotu a Khartum ta yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim hukuncin kisa kan ridda. Amurka ta sa Sudan a jerin masu tauye 'yancin addini tun 1999, ba ta cire ta ba sai ƙarshen 2019, sannan gwamnatin Firaminista Hamdok ta soke sashe na 126, na hukuncin ridda, a Yulin 2020. A wannan ban ga laifinsu ba. Hukuncin ridda ai ba Kirista kaɗai ya ci ba. Ustaz Mahmud Muhammad Taha da aka rataye a kurkukun Kobar a 1985 mai salla ne. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, da aka kashe ɗaruruwan mutane a Rusairis da Wad al-Mahi a 2022, Hausawa da yawa a ciki, kunnena bai ji irin wannan kukan ba.

Amma cocin Gadarif ban ga dala a cikinsa ba. Baikon masu sayar da shayi ne da 'yan ƙwadagon yankan riɗi. Daga bakinsu suka cire suka ba mu. Allah Ya saka musu da alheri, Ya kare musu 'ya'yansu.

Na gode wa samarin ɗakin agajin gaggawa da suka nemo wa Inna maganin hawan jini, da dangi na Maiwurno, da 'yan uwa na Jidda da ba su gaji da turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak ba. Direban da ya ƙi karɓar kuɗin yara, ban ma san sunanka ba, Allah Ya sani.

Fasto ba ya Facebook. Duk wanda ke Gadarif ya ga wannan, don Allah ya je ya karanta masa da Larabci, ya kuma ce katifu da bokiti mun bar su wurin maigadi, a ba waɗanda suka rage a ajin.