Teburin Sinuka Mai Cin Sulalla a Shikago

Kwana uku da saukata Shikago a Amurka, mai masaukina ya ja ni wata mashaya a unguwarsu, wai tunda ina cika baki da sinuka in zo in nuna. Da na hango teburin sai na raina shi. Ƙafa bakwai ne, filinsa kamar inci 78 a 39, alhali wanda hannuna ya saba da shi mai ƙafa tara ne, inci 100 a 50. Ashe ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Ƙwallayen girmansu ɗaya da na babban tebur, inci biyu da kwata, su goma sha biyar, amma filin bai kai kashi biyu bisa uku ba. Kana fasawa, wato bugun farko da ke watsa su, sai su cure, uku nan, huɗu can. A babban tebur nisa ke kayar da mutum, saiti ya ɗan kauce ƙwallo ta ƙi shiga. Nan kusan komai kusa yake, ramukan kusurwa ma baki buɗe. Wahalar ita ce inda farar ƙwallo, wadda ake bugawa da sanda, za ta tsaya, da wace cunkoso za ka warware tun da wuri. In ka kwashe masu sauƙi ka bar cunkoson, share wa abokin karawarka hanya kawai ka yi.

Farar ƙwallon ce ta fi ba ni haushi. Sulallan kwatan dala ake zuba wa teburin, duk wadda ta faɗa rami tana kulle a ciki, fara kaɗai ke fitowa. Don injin ya gane ta, wasu tebura suna amfani da mai maganaɗisu, wasu da mai girman inci biyu da uku bisa takwas. Tamu babbar ce. Na buga ƙasanta don ta dawo baya, sai ta tsaya cak kamar an dasa ta. Mai nauyi gaba take so, ga ƙyallen teburin mai kauri yana cinye juyin. Dabarar ita ce ka rage ƙarfi, ka bar ta ta bi gaba, ka yi zirga-zirga kaɗan.

Sandunan gidan kuwa, mirgina kowace a kan tebur kafin ka ɗauka. Ta huɗu ce kawai ba ta yi rawa ba. Layi ma da tsarinsa: sulalla ake ɗorawa a gefen tebur. Wani ƙato ya ture tawa ba ko sannu, wani dattijo ya mayar mini da ita, har ya ara mini allinsa na goga kan sanda. Ku kuma daidaita kan doka kafin fasawa, don kowace mashaya da tata.

A hanyar dawowa na kwana biyu a Landan. Ƙwallayensu ja da rawaya ne, inci biyu, fara ta fi su ƙanƙanta, bakin ramuka a zagaye. Wasa ɗaya na yi, aka cinye ni.