Na je Ingila na tarar da 'yan bugu a cikin suna

Makon jiya na dawo daga Leeds, inda na je bikin yaye ɗan yayana daga jami'a. Maganar jirgi da layin filin jirgi ba sai na yi ba, kowa ya san su. Daga Landan muka hau jirgin ƙasa a tashar King's Cross, awa biyu da 'yan mintuna muna arewa. Kuɗin tikitin ne ya tsaya mini a rai, domin a ranar muka saya. Yaron ya ce, "Baffa, ai da ka faɗa mini da wuri da rabin wannan za mu biya." A can wanda ya zo a makare shi ke biyan tsada, kuma babu wanda za ka ce wa ya rage maka.

Sunan da ya dame ni tun ranar farko shi ne Walker. Yana jikin motar masu gyaran famfo, yana kan allon wani ofishin lauyoyi, yana jikin ledar soyayyen dankalin da yaron ya saya mini, wato Walkers, kamfanin Leicester. A zauren bikin ma an kira shi fiye da sau ɗaya. Ni dai Kyle Walker na sani, ɗan ƙwallon nan haifaffen Sheffield, kuma da ɗan Turancina na ɗauka sunan yana nufin mai yawan tafiya a ƙasa.

Wadda ta warware mini ita ce maƙwabciyar yaron, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ta gayyace mu shan shayi. Na lura ba a shiga gidan Bature sai da alkawari da lokaci, amma wannan baiwar Allah da ta ji baƙo ya zo daga Nijeriya sai ta toya waina irin tasu, ta kuma tabbatar wa yaron babu giya ko man alade a ciki tun kafin mu tambaya. Wannan ya burge ni ƙwarai. Dangin mahaifiyarta wannan sunan suke amsawa, kuma ta daɗe tana bin diddigin asalinsu. Ta ce Walker sana'a ce. Idan masaƙi ya gama saƙa ulu, ƙyallen yakan fito sako-sako, cike da maiƙon tumaki. Sai a jefa shi a kwami da ruwa da wani irin yumɓu mai shan maiƙo, ko kuma fitsarin da ya kwana biyu, mutum ya shiga da ƙafa yana tattakawa har zaren ya kama juna, ƙyallen ya yi kauri. Mai tattakawar nan shi ne walker, daga tsohuwar kalmarsu wealcere.

Sai da na ajiye kofin shayin. Kakana na wajen uwa ɗan bugu ne a Kura, na kuma tashi ina jin ƙarar guduma a kan gungume tun da sassafe. Aikin ba iri ɗaya ba ne, mu muna bugun turkudi da shadda don su yi ƙyalli, su kuma suna tattaka ulu don ya yi kauri. Amma matsayin ɗaya ne: mutumin da ke tsakanin masaƙi da ɗan kasuwa, wanda aikinsa ke ƙara wa tufa daraja, kuma ba kasafai ake tuna shi ba. Na nuna mata hoton 'yan bugu na Ƙofar Mata a wayata, ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, ta ce a kunna mata mai sauti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sana'a ɗaya ta haifi suna uku. A arewa da tsakiyar ƙasar ana cewa Walker, a kudu maso gabas Fuller, a kudu maso yamma, wajen Devon da Somerset, Tucker. Har yanzu idan aka duba inda masu sunayen suka fi yawa, wannan rabon bai goge ba. Walker na cikin sunaye ashirin da suka fi yawa a Ingila, ga shi a Sikotilan, ga shi ya tsallaka Amurka, har tsohon shugabansu George Herbert Walker Bush yana ɗauke da shi ta wajen uwa. Smith, wato maƙeri, shi ne kan gaba a duk ƙasar. Taylor tela ne, Baker mai burodi. Sunan da ake gada ya fara yaɗuwa ne bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, ya fara daga masu filaye, kuma zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun riga sun samu nasu. Dattijuwar ta ce a takardun harajin kai na 1379 na yankinsu ana ganin sunan. Ko a can ma mai karɓar haraji ne ya fara rubuta talaka.

Ita ce ta matsa sai mun je Helmshore a Lancashire, ta kuma ɗauke mu a motarta, ta ƙi karɓar ko kuɗin mai. Tsohuwar masana'anta ce da aka gina a 1789, yanzu gidan tarihi. Akwai wata ƙatuwar taya da ruwa ke juyawa, ita kuma tana motsa manyan gudumomin katako, su ɗaga su faɗo a kan ƙyalle. Wato injin da ya karɓe aikin ƙafa. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1185 an rubuta irin wannan injin a Temple Newsam da ke gefen Leeds. Ashe lokacin da sunan ke zama na gado, aikin tattakawar ya riga ya fara barin ƙafar mutum. Mai yi mana bayani ya ce har gida-gida ake bi ana sayen fitsari, yaran makarantar da ke tare da mu suka yi ta toshe hanci suna dariya. Ni ban yi dariya ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ko majema ya san cewa tufa mai kyau da takalmi mai kyau ta cikin wari suke biyowa.

A nan ne raina ya ɗan sosu da halinmu. Mu sana'ar tana nan da ranta, amma nawa ne cikin 'ya'yan masu bugu ko majema ko wanzamai za su yarda a rubuta sana'ar gidansu a takardar makaranta? Mun ɗauki sunan uba, ko na gari kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, mun bar sana'ar a sunan unguwa, Dukawa da Soron Ɗinki. Ban ce mu kwaikwayi Turawa ba, domin sunan uba ya fi mini, kuma yadda matansu ke ajiye sunan ubansu su ɗauki na miji bai kwanta mini ba. Amma lauya ya kafa allo da sunan kakansa mai taka fitsari, wannan ya sa ni tunani. Ko da yake yaron ya ce, "Baffa, yawancinsu fa ba su san ma'anar ba." Wataƙila da gaskiyarsa.

Washegari Halifax. Akwai Piece Hall, kasuwar ƙyalle da aka buɗe a 1779, ɗakuna 315 kewaye da fili, kuma wai awa biyu kacal ake ci ranar Asabar. Ɗan Kantin Kwari ba zai gane wannan ba. Yanzu shagunan tsaraba ne da wuraren shan kofi, kofi ɗaya fam uku da ɗoriya. Na ƙi lissafawa da naira. A wani shagon gwanjo na ƙungiyar agaji kuwa na samu kwat ɗin ulu na gaske, saƙar Yorkshire, kusan kuɗin kofi huɗu. Wannan ce riba ɗaya da na ci a duk tafiyar.

A hanyar dawowa wani mai duba tikiti ya yi mana tsawa a gaban jama'a saboda mun hau jirgin da ba na lokacinmu ba, ya ƙi sauraron yaron, sai da muka sake biya. Ga furfura a kaina, bai ko dubi wannan ba.

Bradford na ci abinci har na ƙoshi, naman halal ko'ina, masallatai kuma ba sai an nema ba. Landan kwana ɗaya, ruwan sama da cunkoso. Can na ga Fuller's a saman ƙofar mashaya da dama, kamfanin giya ne na Chiswick, daga waje na karanta. Devon ta yi nisa kuma fam ɗin ya ƙare, saboda haka Tucker sai wata tafiyar in Allah ya kai mu.