Firam goma, saƙa uku

A watan Agustan bara wani dattijo ya same ni a shagona a Samaru, ransa a ɓace. Akwatin kiwon zuma biyu ya saya a wurina, irin mai firam, wato katakan da ake jerawa a ciki don ƙudan zuma su yi saƙa a jikinsu, kuma ƙuda sun shiga ɗaya tun farkon damina.

"Malam, akwatin nan naka ƙuda ba sa son sa. Wata biyu ke nan, firam goma, uku kacal suka taɓa."

"Baba, a yi haƙuri. Bari rana ta yi sanyi mu je in gani da idona."

Gab da magariba muka isa gonarsa a hanyar Basawa. Na busa hayaƙi, na ɗaga murfi. Ƙudan duka ba su wuce cikin ƙaramar ƙwarya ba, sun dunƙule a kusurwa guda, kuma babu ɗigon zuma a saƙar. Na ce masa akwatin lafiyarsa lau, yunwa ce da ƙarancin hannu.

Shekarata goma sha ɗaya ina kiwon zuma, ina kuma haɗa akwatuna ina sayarwa, kuma wannan ƙorafin ya fi kowanne zuwa mini. Mutum yana ganin da ya jera sabbin firam, ƙuda za su hau gini. Alhali kaki ba daga daji suke ɗebo shi ba, daga jikinsu yake fita. Matasan ma'aikata, 'yan kwana 12 zuwa 18, su ne ke da wasu kafofi takwas a ƙarƙashin ciki da ke tsattsafo da shi ɓarɓashi-ɓarɓashi, su tauna shi, su liƙa. Kafin su fitar da kaki kilo 1 sai sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8. Kuma kakin ba ya sarrafuwa sai wurin ya ɗauki ɗumi kamar digiri 35, shi ya sa za ka gan su sun saƙalo juna kamar sarƙa a inda suke gini. To gidan da babu abinci, babu matasa, ga fili fetal da ba za su iya ɗumamawa ba, da me za su yi saƙa?

A nan Zariya Agusta lokacin marka ne. Daji kore shar, amma fure kaɗan ne, ruwa kuma yana hana su fita. Ginin gaske yana kankama ne bayan ɗaukewar ruwa, ya yi ƙarfi da hunturu zuwa bazara, lokacin da mangwaro da kaɗanya da ɗorawa da darbejiya ke fure bi da bi. Wanda ya samu ƙuda a wannan tsakanin, cikin 'yan makonni zai ga farar saƙa ta sauko. Wanda ya same su da damina sai ya ciyar.

Abin da muka yi a gonar Baba ke nan. Na cire firam biyar, na sa allon katako na tare sauran filin, ɗakin ya zama daidai su. Sannan na dama sukari da ruwan ɗumi, awo ɗaya na wannan awo ɗaya na wancan, na zuba a 'yar roba, na jefa karare a ciki don kada su nutse, na ajiye a cikin akwatin. A ciki, ba a waje ba, kuma da yamma, in ba haka ba ƙudan wasu gidaje da tururuwa za su far musu. Kaɗan-kaɗan ake ba su, abin da za su shanye a kwana biyu, don ruwan sukari yana saurin tsami. Ƙafafun teburin da akwatin ke kai kuma muka tsoma su cikin gwangwanayen baƙin mai saboda kwarkwasa.

A nan ina da magana da 'yan'uwana masu sana'a. Sukari na gini ne da raya ƙuda, ba na kasuwa ba. Ranar da zan ɗora akwatin sama na tara zuma, tuni na daina bayarwa. Mutanen garin nan sun gaji da sayen sukari da sunan zuma, kuma duk wanda ya yi haka mu duka yake ɓata wa suna.

Sai batun inda za su fara. Ƙuda ba su san firam ba, su dai daga sama suke rataya saƙa ta sauko tsaye cak. In ba ka nuna musu layi ba, sai su gicciye ta a kan firam uku ko huɗu, ka zo ɗagawa ka yaga musu gida. A shekarata ta farko haka na yi asarar gidaje huɗu a Shika. Na fasa saƙar 'ya'ya garin dubawa, washegari sun tashi sun bar mini akwatuna wayam. Ƙudanmu ba su da haƙurin takura, da an dame su sai ƙaura. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Yanzu ba na sayen shimfiɗar kakin da ake shigowa da ita, wato fallen kaki da ake sa wa firam don ƙuda su ɗora gini a kai. Wata an gauraya ta da kakin kyandir, ƙuda su ƙi ta. Ga shi kuma an buga ramukanta ne a kan girman ƙudan Turai, namu kuwa sun fi ƙanƙanta. Kakina nake narkarwa a tukunya cikin ruwan zafi, ba kai tsaye a wuta ba, in tsoma jiƙaƙƙen allo in ɓare, in yanka siriri kamar faɗin yatsa biyu, in liƙa a tsakiyar sandar saman firam. Ƙanshin yana jawo su, layin yana yi musu jagora. In ina da tsohuwar saƙa miƙaƙƙiya daga gida mai lafiya, nakan sa sabon firam a tsakanin biyu irinta, wannan ya fi komai aiki. Sai dai ba na raba saƙar 'ya'ya a ƙaramin gida, sanyi zai kama su. A gefenta nake sawa.

Awo ma ba abin wasa ba ne. Tun 1851 wani limamin coci a Amurka, Langstroth, ya lura cewa in rata ta kai milimita 6 zuwa 9 ƙuda kan bar ta hanya. In ta fi haka su cike da saƙa, in ta gaza su toshe da danƙo. A kan wannan aka gina akwatin firam gaba ɗaya. Namu ƙudan na ba su milimita 32 daga tsakiyar firam zuwa tsakiyar na kusa, ba 35 na Turawa ba. Na sha mayar wa kafinta aiki a kan milimita uku, yana ganin fitina ce. Akwatin kuma dole ya zauna daidai. Zare da ɗan dutse sun isa a gane ko ya karkace.

Bayan mako guda nake leƙawa. In saƙar farko ta fara kaucewa, nan take nake lanƙwaso ta da yatsa tun tana da taushi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin duk na bayanta ita za su bi. Sabuwar saƙa kuwa ba a kwantar da ita a hannu. A tsaye ake riƙe firam, musamman da zafin Maris da Afrilu, in ba haka ba ta ɓalle ta faɗi da 'ya'yan da ke ciki.

Baba ya riƙa ba su sukari har ƙarshen Satumba. Duk sanda suka kusa cika na hannunsu sai ya matsar da allon ya ƙara firam ɗaya, ba biyu ba. A watan Fabrairu, ɗorawar bakin gonarsa ta yi ja da fure, ya kira ni muka buɗe tare. Firam tara sun cika har ƙasa, na goma sun kai rabi. Ya daɗe yana kallon saƙar a hasken tocila, sannan ya ce, "Malam, ranar Asabar ka zo mini da akwatin saman nan."