Karatun firamare a tsakar gida: yadda na zaɓi manhajar da nake koyar da 'ya'yana

Duk uwar da ta ji cewa a gida nake koyar da 'ya'yana, tambayar da take fara yi mini ita ce wace manhaja nake bi, ta Ingila ko ta Amurka. Idan na ce ta Najeriya ce ginshiƙin karatunmu, sai in ga jikinta ya yi sanyi. To ni dai abin da na gani da idona zan faɗa, mai sha'awa ya ɗauki abin da ya dace da gidansa.

Mun fara ne a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona. Muna zaune a bayan garin Kano da yara uku: babbar tana aji uku, ƙaninta yana aji ɗaya, auta kuwa ko nazare bai shiga ba. Wata safiya na ba babbar littafinta na Turanci, ta zuba mini shafi guda ba gargada. Na kwafi kalmomi uku daga cikin shafin na rubuta a wata takarda daban, sai ta tsaya tana kallona. Ashe hadda ta yi, haɗa baƙi bai zauna mata ba. Da aka buɗe makarantu, ni da maigida muka yanke shawarar in ci gaba da su a gida. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta so ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, yaro a cikin yara yake wayo. Kada ki mayar mini da jikoki 'yan kulle." Maganarta gaskiya ce, shi ya sa Islamiyyar yamma ba mu taɓa ta ba. Can suke haɗuwa da sa'o'insu, su yi faɗa su shirya, su san yadda ake zama a gaban malamin da ba uwarsu ba.

Da na shiga neman manhaja a intanet, kaina sai da ya ɗaure. A Amurka koyar da yara a gida ya daɗe da zama ruwan dare, don haka kamfanoni sun shirya komai a kwali guda: littafin ɗalibi, jagoran malami mai faɗa miki abin da za ki ce kowace rana, har da takardun jarabawa. Abeka da ACE na cikin waɗanda suka fi suna, kuma dukansu an gina su ne a kan koyarwar addinin Kirista, har cikin darasin karatu da na kimiyya. Iyalin da wannan ne addininsu za su iya jin daɗinsu, mu kuwa ba namu ba ne. Ga kuma kuɗi da dala, ga kuɗin kawowa. Ta Cambridge, wadda ta fito daga Ingila, tsararriya ce ƙwarai, amma don makarantun da suka yi rajista da su aka yi ta, jarabawarta ma ta hannun makarantun ake yi.

Sai na gwada takardun aiki na kyauta da ake saukewa a buga a shagon kwamfuta. Nan ne na ga inda gizo ke saƙa. Takardar lissafi ɗauke da hoton sulalla huɗu na Amurka, an ce yaro ya haɗa darajarsu. Ɗana ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Umma, wannan kuɗin wace ƙasa ne?" Awon tsawo da inci, nauyi da fam, kwanan wata kuwa wata ake fara rubutawa kafin rana. Darasin yanayi yana maganar dusar ƙanƙara da zubar ganyen itatuwan da yaron bai taɓa gani ba, alhali damina da kaka da hunturu da bazara suna wucewa ta kansa kowace shekara. Kafin in kai ga lissafin, sai na ɓata rabin lokacin ina bayanin rayuwar wasu mutane.

Yayata ce ta warware mini. Malamar firamare ce, ta daɗe a aikin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanwata, tambaya ɗaya zan yi miki. Idan sun gama aji shida, ta wace ƙofa za su fita?" Amsar a fili take: sakandaren Najeriya za su shiga. Ko su zauna jarabawar kwaman entaran da NECO ke shiryawa don shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko jarabawar shiga wata makaranta mai zaman kanta. Dukansu kuwa a kan manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, suke yin tambayoyi. Ta kuma tuna mini dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004, wadda ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala. Saboda haka ba mu yanke hulɗa da makaranta ba. Muka sami wani hedimasta a unguwarmu da ya fahimce mu, sunayen yaran suna cikin rajistarsa, suna zuwa jarabawar ƙarshen kowane zango, ana rubuta musu sakamako. Duk mai niyyar wannan hanya, ina ba shi shawara ya fara warware wannan batun kafin ya sayi littafi ko ɗaya.

Yayar tawa ce ta kawo mini sikim, wato jadawalin da malamai ke bi mako-mako cikin zanguna uku na shekara. Ma'auni na mayar da shi. A farkon zango nakan zauna in karanta in ga abin da ake so ɗan aji kaza ya iya, in sa alama a kan abin da yarona ya riga ya iya da wanda ya rage. Yadda zan koyar da kuma tsawon lokacin da za mu ɗauka, wannan yaron ne ke nuna mini. Manhajar tana canzawa, an sake yi mata gyara a 2025, don haka a nemi ta yanzu, kada a dogara da tsohon kwafi.

Abin da ya fi komai tasiri a gidanmu shi ne fara karatu da Hausa. Mutane da yawa sun ce ina mayar da babbar 'yata baya. Amma ku duba: a rubutun Hausa wasula biyar ne, kuma baƙi ba ya canza sautinsa daga wannan kalma zuwa waccan. Na yayyanka kwalin sabulu, na rubuta gaɓoɓi a kai, ba, be, bi, bo, bu, ka, ke, ki, ko, ku, na baje su a tabarma. Na ajiye "ka" kusa da "za". Ta furta su ɗaya-ɗaya, a hankali, ta sake da ɗan sauri, sai ta ɗago kai ta kalli kazar da ke tsattsaga a bakin rariya ta ce, "Umma, kaza!" Ranar ta gane cewa rubutu magana ce. Da kanta ta shiga jujjuya kwalayen tana ƙirƙiro kalmomi, muka wuce zuwa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tana bambance "kafa" da "ƙafa". Daga baya na ji cewa haka shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara suka riƙa fara koyar da yara, da harshen da suke tunani da shi.

Turanci bai tsaya ba a lokacin, da baki muke yinsa: gaisuwa, sunayen kayan gida, gajerun labarai da nake karanta musu. Sai da karatun Hausa ya zauna sannan muka shiga karatun Turanci, kuma a nan ne na ari kayan waje, tsarin Jolly Phonics mai sautuka 42 da ke farawa da s, a, t, i, p, n. Yaron da ya iya haɗa baƙi a Hausa ba sai an sake koya masa dabarar ba, bambance-bambance kawai za a nuna masa. Harafin c ya ba mu aiki, don a Hausa sautinsa ɗaya ne, a Turanci kuwa wani lokaci k ne wani lokaci s. Haka p da f, da v da b, sai da muka yi ta maimaitawa a gaban madubi suna kallon leɓensu.

A lissafi dabarar ƙasar Singafo na ɗauka, ban sayi littattafansu ba. Dabarar ita ce yaro ya fara da abin da zai taɓa, sannan zane, sannan alƙaluma. Tsinken tsintsiya muke ɗaurewa goma-goma da roba. Ranar da za mu cire 27 daga 52, na ba yaron ɗauri biyar da tsinke biyu. Ya ga ba zai iya cire bakwai daga biyu ba, ya yi shiru, can sai ya kwance ɗauri guda ya zama yana da tsinke goma sha biyu a warwatse. Wannan shi ne "aro" ɗin da ake sa yara haddacewa a aji ba tare da sun san abin da aka ara ba. Bayan haka muka koma littafin lissafi na Najeriya mai naira da kwabo da mita da lita, ranar Asabar kuma in aike su wurin mai kayan miya su lissafo canji da kansu.

Littattafai kaɗan nake saye. A Sabon Gari nakan samu na Turanci da lissafi da kimiyya waɗanda aka rubuta bisa manhajar ƙasa, ɗaya a kowane darasi, sai littattafan auna basira na kalmomi da na lambobi daga aji uku, don suna fitowa a jarabawar shiga sakandare. A buɗe littafi a duba kafin a biya, jabu sun yi yawa, wani shafin ma a goge yake. Na addini a Kurmi nake samu. Manhajojin waya ba na dogara da su, ga kuɗin data ga rashin tabbas ɗin wuta, kuma na lura idan waya ta shigo darasi hankali yakan koma kan wayar.

Ba na bin darussan jadawali ɗaya bayan ɗaya kamar a makaranta. Karatu da rubutu da lissafi kullum ne, daga bayan karin kumallo zuwa kafin azahar, da hutu a tsakani. Kimiyya da zamantakewa da tarihi ranaku biyu a mako, kuma galibi a waje. Mun shuka wake a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya ba ruwa, suna aunawa da rula suna rubutawa. Tarihin Kano kuwa a Gidan Makama da kan Dutsen Dala suka fara jinsa kafin su gani a takarda.

Yara uku, aji uku, malama ɗaya: wannan na koya daga makarantar allo. Can kowane yaro da allonsa, ba a yi masa ƙari sai ya biya na jiya, ba ya wankewa don kawai na kusa da shi ya wanke. Haka nake yi. In zauna da ɗaya in ba shi sabon darasi, sauran suna aikin da na riga na ba su, babbar kuma ta biya wa auta nasa. Shi ya sa na tsakiyan ya taɓa kasancewa a lissafin aji huɗu da Turancin aji uku a lokaci guda, kuma ban tayar da hankalina ba. Kowane yaro yana da babban littafi da nake manna aikinsa da kwanan wata, shifta da insha'i da gwajin ƙarshen mako, shi nake nuna wa hedimasta.

Aikin akwai gajiya, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka yi baƙi ko wani ya kwanta zazzaɓi karatu yakan watse, sai mu rama a wata rana. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfina. Faransanci, wanda manhaja ta sa daga aji huɗu, wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ce ke koya musu, ni kuma ina taya ɗanta lissafi. Babbar ta ci jarabawarta tana sakandare yanzu. Na tsakiyan yana shirin tasa, mun fara bitar tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa don ya saba da ƙayyade lokaci, kuma a zango mai zuwa zai riƙa zuwa makarantar hedimasta kwana biyu a mako, ya san zaman aji da layin asambili kafin ya shiga sakandare.