Godiya bayan kwana 43 a Shika, da cigiyar mai jan filas

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an sallami Inna daga asibitin koyarwa na Shika ranar Talata, yau kwananta huɗu a ɗakinta. Jiya da safe da kanta ta riƙe kofin kunu da hannun dama, wanda ciwon ya bar mata, ta sha rabi ta miƙo mini, ta ce sukari bai ji ba. Ina jin haka na fita tsakar gida na zauna gindin mangwaro, na yi kukan da ban samu sararin yi ba tun ranar da ta faɗi a bakin rijiya.

Ba sai na maimaita labari ba, da ku aka yi komai tun daga daren farko. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda saƙonsu ke nan jibge ban buɗe ba, ku yafe mini don Allah. Har yanzu in na kwanta sai in riƙa jin ƙarar ƙafar gadon asibiti a kunnena, in zabura in laluba gefena.

Akwai dare ɗaya da ban ba kowa labarinsa ba, ko Yaya bai san shi duka ba. Daren kwana na 12 ne. Wanda ya taɓa kwana a Shika cikin hunturu ya san irin sanyin wurin, fili ne fetal, iska na kaɗowa ba abin da ke tare ta. Wajen ƙarfe biyu numfashin Inna ya sauya, ya koma wani gurnani da ban taɓa ji ba. Nas ta zo da gudu, ta kira likita, aka jawo tukunyar iska, aka ja labule, aka ce in ɗan ba su wuri. Na fito baranda ba takalmi, ɗankwali kawai a kaina. Yaya ya tafi gida tun bayan isha'i, wayata ta mutu ba caji. Na tsaya riƙe da ƙarfen baranda, ina son in yi addu'a, amma wallahi ko Fatiha na kama sai ta kuɓuce mini a tsakiya.

Sai na ji an yafa mini bargo ta baya. Matar da ke jinyar 'yarta a gado na tara ce. Dattijuwa ce siririya, daga wani ƙauye gaba da Giwa, kwana goma muna gaisawa da safe, muna aron buta, iyakarmu ke nan. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "'Yar nan, zauna. Tsayuwarki ba za ta ƙara mata numfashi ba." Ta shimfiɗa tabarmarta, ta jawo ni ƙasa, ta buɗe wani jan filas da aka ɗaure murfinsa da leda, ta tsiyaya mini ruwan zafi da ɗan citta a ciki. Sannan ta kama hannuna ta fara Hasbunallahu wa ni'imal wakil a hankali, tana yi tana matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, har bakina ya kama ya bi nata. Bargon nan shi kaɗai gare ta. Ita da zane ɗaya ta zauna a sanyin nan har aka yi kiran assalatu, nas ta leƙo ta ce numfashi ya daidaita, in shigo.

'Yarta ba ta wuce shekara ashirin ba, haihuwar fari. Ciwon zuciyar nan ne da ke kama mata bayan haihuwa, jiki ya kumbura, kwanciya ta gagara sai a zaune. Wani likita ya ce mini tun shekarun 1970 likitocin Zariya ke rubutu a kan yawan wannan ciwo a ƙasar Zazzau. Jaririn yana gida wurin dangin uba. Kwana uku bayan wancan dare na tafi sayen magani da hantsi, layi ya riƙe ni. Ko da na dawo, gado na tara ba kowa, an yaye zanen, katifa ce kawai. Sun tafi da gawa. Ko gaisuwa ban samu yi mata ba.

Bayan kwana takwas ina goge wa Inna jiki sai na ji sallama a kaina. Ita ce. Mota biyu ta hau daga ƙauyensu, ga jan filas cike da kunun gyaɗa. Ta ce, "Na ce bari in zo in ga jikin Inna." Matar da ta binne 'yarta mako ɗaya da ya wuce, ta dawo ɗakin da 'yar ta cika, ta wuce ta gaban gadon da wata ke kwance a kai yanzu, don ta duba uwar wata. Na rasa bakin yi mata ta'aziyya, ita ce ma ta riƙa rarrashina. A lokacin ta bututun hanci ake ba Inna abinci, don haka ni na sha kunun. Da za ta tafi na ce bari in juye in ba ta filas ɗinta, ta ce in bar shi, in ta sake zagayowa ta karɓa. Ba ta sake zagayowa ba. Mama nake ce mata, tana ce mini 'yar nan. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi sunan ƙauyen ba, kuma ba ta da waya.

A cikin makon ne bakin Inna ya fara buɗewa, kuma abin da ta fara da shi sunaye ne. Cikin dare sai ta kama kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun daɗe a ƙasa, tana bin kowane da Allah Ya jiƙansa. Hankalina ya tashi, don kun san abin da ake faɗa in marar lafiya ya fara kiran matattu. Na gaya wa Gwaggo, ta ce, "Ƙyale ta, bashi take biya. Ke dai ki riƙa cewa amin."

Sai na koma ina saurare. Inna ba ta lissafi da shekara, da sarakuna take yi: an haife ta zamanin Sarki Ja'afaru, aka kai ta ɗaki zamanin Sarki Aminu, ta aurar da mu duka zamanin Sarki Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a kan gadon Zazzau kafin rasuwarsa a 2020, shi ma yana cikin waɗanda ta yi wa addu'a. A zatonta ma a tsohon asibitin Tudun Wada muke kwance, inda ta san ana kai mutane a zamaninsu, na yi ta gaya mata tun 2005 aka dawo Shika, ba ta yarda ba. Ta kira unguwarzomar da ta yanke mana cibiya mu bakwai. Ta kira Bafulatanar da ta yi shekaru tana kawo mata nono bashi, wata rana ta daina zuwa, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta kira malamar yaƙi da jahilci da ta koya mata rubuta sunanta da boko. Ta daɗe a kan abokiyar zamanta, Allah Ya jiƙanta, wadda ta goye ni wata huɗu lokacin da Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwar ƙanena. Ni kaina sai a daren nan na san haka, ina da 'ya'ya huɗu.

Amma wadda ta fi dawowa bakinta ita ce Madam. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Inna ya san baƙin keken ɗinkin nan Singer da ke bayan ƙofa, an rufe shi da tsohon zane. Mu mun tashi mun gan shi ne kawai, da shi aka ɗinka mana kayan makaranta, da kuɗinsa aka biya wa Yaya jarrabawa. Lokacin da Baba, Allah Ya jiƙansa, ke aikin reluwe suna zaune a Sabon Gari, maƙwabciyarsu wata 'yar ƙabilar Ibo ce, mijinta shi ma ma'aikacin jirgi. Ita ta koya wa Inna ɗinki tana amarya, ba ta san kowa a unguwar ba. Da rikicin 1966 ya tashi, mutanensu suka yi ta tururuwa zuwa tasha, Madam ta turo keken cikin dare ta katanga, ta ce Inna ta riƙe mata har ta dawo. Yaƙin basasa ya ƙare a farkon 1970, wasu sun dawo Sabon Gari sun karɓi gidajensu da shagunansu. Inna ta ce shekara biyu duk jirgin da ya yi kuka daga kudu sai gabanta ya faɗi. Madam ba ta dawo ba. Kusan shekara sittin ke nan, kuma ko sau ɗaya Inna ba ta taɓa cewa "kekena" ba, sai dai "keken Madam". Sau uku ana taya shi, ta ce ba a sayar da ajiya. A gadon asibiti, baki a karkace, ta ce in tana raye Allah Ya ba ta lafiya, in ta mutu Allah Ya duba 'ya'yanta.

To, ni ma ga nawa mutanen. Na san ba a shelar alheri, kuma na san Kawu na Kwarbai zai yi mini faɗa in aka karanta masa wannan, amma sai na faɗa: ragon da ya ke kiwo don layya ya sayar, ya kawo kuɗin a ƙulle cikin hula, ya ce kar Inna ta ji. Kawu, ka yi haƙuri, ta ji. Gwaggo ta Tudun Jukun, da ciwon gwiwarta, kullum sai ta hau a-daidaita ta bi ta Kwangila da Samaru ta kawo tuwo da miyar kuka a kula, ranar da ba ta zo ba sau biyu ne tak. Maƙwabcinmu mai a-daidaita da ya ɗauki Inna a daren farko ya fita da ita ta Ƙofar Doka yana gudu yana salati, har yau ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Abokiyar aikina ta Wusasa ta zo da farfesu sau huɗu, ta tsaya a kan Inna ta yi mata addu'a irin tasu, Inna ta ce amin. 'Yan ajinmu na Kongo, na ga abin da kuka tara, shi ya sayi maganin mako na uku lokacin da hannunmu ya ƙare ƙaf. Liman da jama'ar masallacin unguwa da suka sa ta a addu'a kowace asuba. Mai shayin bakin ƙofar asibiti da ya riƙa cika mini filas da ruwan zafi, in na miƙa kuɗi ya kau da kai.

Nas-nas ɗin dare, musamman mai gilashin nan da ke kiran Inna "kakata", da ƙaramin likitan da ya zauna ya yi mini bayanin hoton ƙwaƙwalwa da Hausa har na gane, da masu gashi da suka sa ta zama da kanta, da masu shara da ke ɗaga mini tabarma a hankali in barci ya sace ni: ban san sunayen yawancinku ba, Allah Ya sani.

Maigidana ya bar ni kwana 43 ban dafa masa ko ruwan shayi ba, bai taɓa nuna mini a fuska ba. Abokiyar zamana kuwa, ban san da bakin da zan gode miki ba. Kin haɗa 'ya'yana da naki, kin yi wa Auta kitso, kin je makarantarsu da aka kira iyaye. Da Inna ke ba ni labarin wadda ta goye ni, ke nake gani.

Akwai kuma waɗanda Inna ta goya a bayanta, ta yi musu wanki, ta aurar da wasunsu daga ɗakinta. Kaduna nan ce, mutum zai yi sallar azahar a can ya yi la'asar a Shika. Na ga hotunan addu'a da aka turo ta WhatsApp, na gode. Sau biyu ta tambaye ni su da sunansu, na ce mata suna hanya, Allah Ya yafe mini. Ban riƙe kowa ba, kowa da uzurinsa. Tana gida yanzu, ƙofa a buɗe take, kuma har yanzu in an yi sallama sai ta ɗaga kai.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya miƙa hannu, ko ya tuna da mu a sujada, Ka saka masa da mafificin alheri. Ka sa ya tarar da shi a mizani ranar da ba dangi ba dukiya. Kar Ka kwantar da iyayensu, in Ka kwantar da su Ka kawo musu masu yafa musu bargo. Waɗanda muka baro a gadajen nan, Ka tashi kafaɗunsu. Waɗanda aka fitar a gabanmu, Ka yi musu rahama, Ka haskaka kabarinsu. Ka jiƙan Baba, Ka jiƙan duk wanda Inna ta ambata da wanda ta manta. Ka jiƙan yarinyar gado na tara, Ka karɓi wahalarta a matsayin kankarar zunubi, Ka raya abin da ta bari, Ka sanyaya zuciyar uwarta kamar yadda ta sanyaya tawa. Amin, amin.

Roƙona na ƙarshe ga mutanen Giwa da ƙauyukan gaba da ita. In kun san dattijuwar da ta rasa 'yarta mai jego a Shika cikin hunturun nan, aka bar jariri namiji, don Allah ku yi mini magana. Ina son in je in yi mata gaisuwar da ban yi ba, in ga yaron. Jiya na ba Inna labarinta tun daga farko, na nuna mata filas ɗin. Ta juya shi a hannu, ta taɓa ledar murfin, ta ce in wanke shi da kyau in ajiye a bayan ƙofa kusa da keken Madam, kar yara su taɓa.