Dariyar ɗakin shayi

A Kano sunana miskili. Hajiyarmu ma takan ce miskili ya fi mahaukaci ban haushi, amma cikin raha. Ba na son hayaniya, ba na kallon mutum cikin ido, gidan biki sai an ja ni. Babu wanda ya damu, don a wajenmu yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya mai ladabi ne. Gaisuwa kuwa kamar karatun allo take: ina kwana, lafiya lau, ya gajiya, ba gajiya, ya iyali, alhamdulillahi. Ka haddace, ka wuce lafiya. Shekara 31 na yi a wannan inuwar, sai da na fita daga cikinta na san rana na da zafi.

Karatu ya kawo ni Manchester, daga baya na samu aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani. Nan haddata ta daina aiki. Shugabar sashenmu ta ce in na samu sarari ko zan duba wani rahoto. Ban samu sarari ba, ban duba ba. Ashe umarni ne aka naɗe cikin ladabi. Wani abokin aiki ya ce ya kamata wata rana mu sha shayi tare, na ciro waya na ce Talata ko Laraba? Ya yi wani guntun murmushi. Har yau ba mu sha ba.

Kuskure uku, huɗu irin wannan, sai zuciyata ta fara ƙulle-ƙulle. Akwai ɗan ɗakin da muke dafa shayi. Wata rana na tura ƙofa, mata biyu na ƙyaƙyata dariya, suna ganina suka yi tsit, ɗaya ta kife wayarta a kan tebur. Ban iya barci ba ran nan. Na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta wanda ya kalle ni, wanda bai amsa gaisuwata ba, wanda ya rage murya da na gifta. Lokacin sanyi ne, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, sai in zauna a bas ina jera hujjoji kamar mai shirin shiga kotu.

Matata ce ta tsinci littafin. Ta ce, "Baban Ummi, wannan fa ba lafiya ba ce." Hajiya kuwa a waya ta ce bakin mutane ne, in riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma. Na riƙe, na kuma je wajen likitan unguwa. Ya ba ni takarda mai tambaya 10, ya duba amsoshin, ya tura ni wajen masu tantance otizim, wato galahanga, lalurar da ke wahalar da mutum wajen mu'amala da fahimtar mutane. Raina ya ɓaci, don a gida abin da ake kira galahanga yaron da ba ya magana ne, ba magidanci mai digiri biyu ba. A Ingila kuwa tun 2009 akwai dokar da ta wajabta wa gwamnati tanadi domin manya masu wannan lalura.

Cikin abubuwan da na gwada akwai na Simon Baron-Cohen na Jami'ar Cambridge: hotuna 36, idanu kawai, ka zaɓi kalma ɗaya cikin huɗu da ta dace da abin da mai idon ke ji. Na sha ƙasa sosai. Sai dai idanun duk na Turawa ne, kalmomin ma Turanci ne mai tsauri, ni kuma an tashe ni a kan cewa zura wa mutum ido rashin kunya ne. Na ce wa ƙwararriyar, yaya za ki raba otizim da baƙunta? Ta ce shi ya sa take son jin yarintata. Muka kira Yaya a Kano. Ita ta tona ni: yadda nake jera marafan lemo a tsakar gida, in wani ya taɓa ɗaya in yini ina kuka, yadda nake toshe kunne in an kunna injin niƙa, yadda na haddace lambobin motocin layinmu kaf.

Bayanin dalilin zargin da nake wa mutane ne ya fi zauna mini. Wanda ke karanta fuska cikin sauƙi yana ganin dariya ya san ko da shi ake. Ni sai in ga dariya ba fassara, zuciya kuma ba ta barin gurbi, sai ta cike shi da abin da ta sani. Abin da tawa ta sani shi ne tsokanar 'yan makarantar kwana, lokacin da nake na ƙarshen gane cewa ni ake wa ba'a. Ga wariyar launin fata, wadda ba ƙirƙirarta na yi ba, ta ƙara wa wutar itace. Na kuma ji daɗin maganar Damian Milton, masani mai otizim, da ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu take. Su ma ba sa iya karanta ni. Shiruna da kawar da kaina, girman kai suka ɗauka.

Yanzu na roƙi shugabata ta riƙa rubuto abin da take so da ranar da take so, ta kuwa yarda. Matan ɗakin shayi, da na daure na tambayi ɗayarsu, ashe hoton wani manaja ne da ya yi rawa a bikin Kirsimeti, suka ɗauka shi ne ya shigo. Na yaga littafin.

Shekaranjiya a bas na zauna kusa da wani dattijo, bayan tasha ɗaya ya tashi ya koma kujerar gaba. Ƙila ƙafarsa ke ciwo, ƙila fatata ce. Na kai gida ina juya abin, Maman Ummi ta dube ni ta ce in ci tuwona tun bai huce ba.